Kullen korona: me ya sa masu ƙaramin ƙarfi ba su farfaɗo ba har yanzu?

Malamin Aji Biyar, Kano:

Assalamu alaikum warahmatullahi. Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sanin tattalin arziki da harkar lafiya za su taimaka mini da amsa. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a cikin birnin Kano, kuma ina cikin waɗanda kullen korona na shekarar 2020 ya rutsa da su ba shiri. An rufe makarantu a ƙarshen watan Maris, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka sa dokar zaman gida ranar 16 ga watan, sannan azumi ya kama ranar 24, wato duk abin da ke hana magidanci barci ya taru a cikin wata guda. Mai makarantarmu ya biya mu albashin Maris, daga nan kuma sai haƙuri, domin iyaye ba sa biyan kuɗin zangon da ba a yi karatu ba, kuma ba mu koma aji ba sai a watan Oktoba.

Sai dai ba don kaina nake tambaya ba, tunda ni ina da yaya mai aikin gwamnati wanda ya riƙe gidana har aka buɗe gari. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, wadda take suyar awara a ƙofar makarantarmu, kuma kuɗin tara da iyaye ke ba 'ya'yansu shi ne duk kasuwarta. Na haɗu da ita a ɗaya daga cikin ranakun Litinin da Alhamis ɗin nan da aka riƙa sassauta doka daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma domin mutane su yi cefane. Tana ɗauke da kaskon suyarta a ka, ɗanta kuma yana biye da ita da babbar tukunyar da take dafa ruwan waken suya a ciki, za su kai wa masu sayen tsofaffin kaya. Muka gaisa, ta sunkuyar da kai, ni ma ban tambaye ta komai ba, domin ba ni da abin da zan miƙa mata. Da aka buɗe makaranta ba ta dawo ba. Yanzu wankau take yi a gidajen mutane, babbar 'yarta kuma ta bar makaranta tana talla.

Abin da nake son fahimta shi ne wannan. Cutar ce ta yi wa irin waɗannan bayin Allah illa, ko kuwa kullen da aka yi domin tsare su daga cutar? Kuma me ya sa ma'aikata da manyan 'yan kasuwa suka miƙe cikin 'yan watanni, alhali ita da ire-irenta suna nan inda annobar ta yasar da su bayan duk waɗannan shekaru?

Mai Bin Alƙaluma, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin amsarta tana cikin tukunyar nan da ka gani a hannun yaron.

A watan Mayun 2020, ana tsakiyar kulle, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci na shekarar 2019, wanda ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya, kusan mutum miliyan 83, suna rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara, abin da bai kai naira 400 a rana ba. A jihohin Sakkwato da Taraba da Jigawa adadin ya haura kashi 87, kuma ba a ma saka Borno a lissafin ba saboda rashin tsaro. Waɗannan mutane ne da ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya tun kafin a ji sunan korona, sai an fita ake samu, abin da aka samu kuma a ranar yake ƙarewa. Da hukumar ta haɗa kai da Bankin Duniya suka yi binciken wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu, sai suka tarar kashi 42 na waɗanda ke da sana'a kafin annobar sun daina aiki, kashi 79 na gidaje kuma sun ce abin da suke samu ya ragu.

Mai albashin gwamnati da aka ce ya zauna a gida, kuɗinsa yana shiga asusu ƙarshen wata ko ya fita ko bai fita ba. Babban ɗan kasuwa da aka rufe wa shago a Kantin Kwari ko Singa ya yi asarar ciniki, amma kayansa suna jibge a sito, kuma ranar da aka buɗe kasuwa sun ƙara daraja. Mai awara kuwa, da mai shayi, da ɗan dako, da direban adaidaita sahu da ake bi balas, ba su da wani ajiyayyen abu in ban da jarin da suke juyawa da kayan aikinsu. Sati na farko suka cinye riba, sati na biyu suka taɓa uwar kuɗi, daga nan aka shiga sayar da kasko da keken ɗinki da akuyar da ake kiwo domin sallah. Kuma sun sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, wato a wulaƙance.

Abin da ya hana su sake saye shi ne farashi ya gudu ya bar su. Gangar ɗanyen mai ta faɗi ƙasa da dala 20 a watan Afrilu, har gwamnati ta sauke ma'aunin kasafin kuɗinta daga dala 57 zuwa 28, Babban Banki kuma ya rage darajar naira a hukumance daga wajen 307 kan dala ɗaya zuwa 360 a watan Maris, sannan zuwa wajen 380 daga baya a cikin shekarar. Iyakokin ƙasa na tudu suna rufe tun watan Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai a Disambar 2020, ga kuma ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi a daminar wannan shekara. Zuwa watan Maris na 2021 hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 23. A takarda, tattalin arzikin da ya tsuke da kashi 6.1 a rubu'i na biyu na 2020 ya fita daga karaya a rubu'in ƙarshe, amma a wannan rubu'in ne kuma Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3.

An ware rance, ba a ce ba a ware ba. Babban Banki ya fitar da naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL domin gidaje da ƙananan sana'o'i, sai dai ta intanet ake nema, kuma sai mai asusun banki da lambar BVN. Ka duba da kyau ka ga ko mai awararka tana cikin waɗanda aka yi wa wannan tsari. Kuma adalci ne in ƙara da cewa ba korona kaɗai za a ɗora wa halin da take ciki yau ba, domin kafin ta tara abin sayen wani kaskon sai ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sai kuma cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023. A ganina dai kullen ne ya kayar da ita, tsadar da ta biyo baya kuma ta danne ta.

Ma'aikaciyar Jinya, Kano:

Ina gaishe ku, Malamai. Ban yi jayayya da ko ɗaya daga cikin alƙaluman ɗan'uwanmu na Zariya ba, amma ina jin tsoron kada mai karatu ya tashi da fahimtar cewa cutar ba ta yi komai ba, kullen ne kawai ya cuci mutane, domin wannan magana ta riga ta zauna a bakin jama'a har wasu na cewa korona ciwon masu kuɗi ce ko kuma dabarar cin kuɗi. Ni na yi aiki a cikin watan Afrilun nan, kuma duk wanda yake Kano ya san yadda masu haƙan kabari suka riƙa kokawa da yawan gawarwakin da ake kawo musu. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi, inda ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne. A gidajenmu kuwa dattijo ba mutum ɗaya ba ne, domin sau da yawa shi ne mai biyan kuɗin makarantar jikoki, shi ne mai riƙe da zawarawan gida da marayu, shi ne wanda ake ba bashi saboda mutuncinsa. Gidan da ya rasa irin wannan mutum ya shiga talaucin da babu sassauta dokar da zai fitar da shi.

Sannan akwai waɗanda ba korona ce ta kashe su ba, amma zamaninta ne ya kashe su. Asibitocin kuɗi da yawa sun rufe ƙofa saboda tsoro da rashin kayan kariya, mai hawan jini da mai ciwon suga suka rasa inda za a duba su, mai naƙuda kuma ta rasa abin hawa cikin dare. Na karɓi wata mata da aka turo a baro daga unguwarsu bayan ta kwana tana zubar da jini, mijinta yana gefe yana ta ba ni haƙuri kamar shi ne ya yi laifi. Allah ya sa ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba. Iyaye mata sun daina kawo yara allurar rigakafi na tsawon watanni, wasu kuma ba su dawo sun ƙarasa ba.

Inda na fi jin zafi shi ne batun almajirai. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da su jihohinsu na asali, aka riƙa loda yara a motoci ana tsallaka iyakokin jihohi a daidai lokacin da aka hana kowa tafiya. Kaduna ta sanar da cewa 65 daga cikin waɗanda aka kai mata suna ɗauke da cutar, Jigawa kuma ta sami 91. Yaron da abincinsa yake a ƙofar gidajen mutane, an rufe gidajen, sannan aka mayar da shi ƙauyen da rashin abinci yana cikin dalilan da suka sa aka turo shi birni. Babu mamaki da yawansu suka komo tsangaya da zarar an buɗe hanya.

Saboda haka amsata ga tambayarka ta farko, Malam, ita ce talaka ya biya kuɗin kulle cikakke amma bai sami cikakkiyar kariyarsa ba. An ce a ba da tazara ga mutum takwas da ke kwana a ɗaki ɗaya a gidan haya, an ce a yawaita wanke hannu ga mai sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, balle a zo ga sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri inda ɗaruruwa ke layi a kan famfo ɗaya. An tsare mutane kwana uku a gida, sannan aka sake su gaba ɗaya na awa shida suka cika kasuwa kafaɗa da kafaɗa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ma ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin doka, adadin da a lokacin ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe. Ba rufe gari ne kuskuren ba a ganina, rufe shi ba tare da an fara kai abinci ƙofar gidaje ba ne.

Ɗan Damagaram, Nijar:

Salamu alaikum, 'yan'uwa na Najeriya. Mu a nan an sami mutum na farko ranar 19 ga Maris, gwamnatin Issoufou Mahamadou ta rufe iyakoki da makarantu da masallatai, ta killace birnin Yamai tare da hana fitar dare. Rufe masallatan ne ya fi tayar da hankali, har aka yi tarzoma a Mirriya da wasu unguwannin Yamai, kuma ba a buɗe su ba sai ranar 13 ga Mayu.

Abin da nake so in ƙara a kan maganar Malama ma'aikaciyar jinya shi ne yadda tallafi yake kauce wa wanda ya fi buƙata ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Gwamnatinmu ta ɗauke wa masu ƙaramin amfani kuɗin ruwa da na lantarki na watannin Afrilu da Mayu, kuma mutanen birni sun ji daɗin haka. To amma sai wanda yake da mita a gidansa ne zai ci wannan moriya, alhali mafi yawan jama'armu suna karkara, rijiya suke sha, fitila kuma ta batir ce. Su abin da ke riƙe da su a bazara shi ne ɗan abin da 'yan cirani ke aikowa daga Kano da Legas da Agadas da Libiya. A wannan shekara 'yan ciranin ko dai sun maƙale a inda suke ba aiki, ko kuma sun dawo hannu rabbana suka ƙara yawan bakunan da ke kan rumbun da ya riga ya kusa ƙarewa, ga kuma almajiran da aka dawo mana da su daga Najeriya. A ƙauyenmu na san gidajen da suka cinye irin shuka kafin ruwa ya sauka, suka ci bashin gero a hannun 'yan kasuwa da sharaɗin biya da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Wanda ya shiga irin wannan bashi sau ɗaya yakan yi shekaru yana noma wa wani.

Uwar Adashi, Kaduna:

Malam mai tambaya, Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da wannan baiwar Allah. Ni ba ni da ilimin alƙaluma, amma na shekara goma sha biyu ina riƙe da adashin matan unguwarmu, kuma ina ganin akwai abin da maza ba su cika lura da shi ba.

Mu matan aure ba baƙin kulle ba ne, da yawanmu a cikinsa muke tun ranar da aka kawo mu. Amma kullen aure yana tafiya ne saboda gari a buɗe yake: yara suna fita da talla, makaranta tana ci, ana biki ana suna, mai ƙunshi da mai kitso da mai girkin biki da mai ɗinkin sallah kowace tana samun nata daga cikin ɗakinta. A Kaduna an rufe mu tun ranar 26 ga Maris, aka shafe fiye da wata biyu, aka hana taron biki, sallah ta zo babu ɗinki, aikin hajji kuma ba a je ba a wannan shekara balle a yi hidimar rakiya da tarbar alhazai. Duk hanyoyin da kuɗi ke bi su shigo hannun mace sun toshe a lokaci ɗaya, ga maigida a zaune a gida babu ko sisi, ransa a ɓace. Aure nawa ne ya mutu a unguwarmu a kan kuɗin cefane a watannin nan, ni kaina na shiga sulhun wasu.

Mu ashirin ne a adashinmu, zubin kullum. Lokacin da aka rufe gari tara sun riga sun kwasa, goma sha ɗaya suna jira. Waɗanda suka kwasa ba su da abin zubi, waɗanda ke jira kuma suka zo ƙofata suna neman abin da suka zuba, kuma suna da gaskiya, domin yaransu ba su ci ba. Na sayar da 'yan kunnena na gwal da na ajiye tun aurena na rage wa wasu, sauran kuma har yau akwai mata biyu da ba sa gaishe ni. Adashi shi ne bankin mace marar banki, da shi take sayen injin markaɗe, da shi take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Da ya watse mun ɗauki fiye da shekara biyu kafin mu sake haɗa wani, kuma a sabon ba mu ɗauki duk wadda ba ta da tsayayyiyar sana'a ba. Ina faɗin wannan da kunya, domin ma'anarsa ita ce irin mai awararka, wadda ta fi kowa buƙatar a haɗa mata jari, ita ce muka fara rufe wa ƙofa.

Batun tallafi kuwa, mun ji a rediyo cewa ana raba naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, cewa gidaje miliyan 2.6 ne a ciki kuma Shugaba Buhari ya ce a ƙara miliyan ɗaya, an kuma fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati. Ɗan'uwanmu na Zariya ya ce matalauta sun kusa miliyan 83, to sai ku auna. A layinmu wani ya zo ya rubuta sunaye sau biyu, abin da ya iso gidana kuwa ƙullin taliya biyu ne da kwano ɗaya na gero, mu tara. Shi ya sa da aka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da nan Kaduna da wasu garuruwa a watan Oktoba, mutane suna fitowa da buhuna masu tambarin CACOVID, wato haɗakar manyan 'yan kasuwa da kamfanonin da suka tara tallafin korona, ban goyi bayan ɗibar abin da ba a ba ka ba, amma na zauna na yi kuka, domin na tuna watan azumin da muka yi buɗa-baki da ruwa da ƙanzo.

Malamin Aji Biyar, Kano:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya ƙara sani. Malama ma'aikaciyar jinya, na karɓi gyaranki, domin ni ma ina cikin masu ɗora wa kulle laifi duka, alhali limamin masallacinmu da wasu dattawa biyu a layinmu a cikin sati ɗaya suka rasu a watan Afrilun nan. Bayan na karanta amsoshinku na ɗauko rajistar ajina ta shekarar 2020. Yara bakwai ne ba su dawo ba a watan Oktoba, biyar daga cikinsu mata, kuma na san biyu an aurar da su kafin su kai shekarun gama sakandare.

Hajiya uwar adashi, ina da tambaya gare ki. Mu malamai huɗu mun yi magana za mu haɗa kuɗi mu saya wa mai awarar nan kasko da tukunya da kwanon waken suya na farawa, kuma mai makaranta ya yarda ta koma gurbinta a bakin ƙofa. Idan ɗayanmu ya tsaya mata a matsayin mai lamuni, matan adashi sukan karɓi irin wannan, ko kuwa sai ta yi wasu watanni tana suya sun gani da idonsu tukuna?